Shekarar da Na Je Ɗauko Najatu a Fuloransa

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a danginmu, daga unguwar Rusaifa har Nakkasa a nan Makka, wai 'yata Najatu ta gudu ƙasar Turawa ta ƙi dawowa, ni kuma na bi ta can na dawo hannu rabbana don ta fi ƙarfina. Na ji maganar nan a wurin suna, na ji ta a zaman makoki, har na ji ta a bakin jikana wanda ko cikinsa ba a ɗauka ba lokacin da abin ya faru. Yanzu idona ya fara hazo, gwiwa ta ƙi, shago na bar wa ɗana Mansur. Bari in faɗa muku yadda aka yi tun bakina yana motsi, ku 'ya'yana da naku 'ya'yan, don in kun ji wani yana ba da labarin ku gane inda ya ƙara gishiri.

Kun san a unguwar Jarwal aka haife ni. Iyayenmu daga ƙasar Kano suka taso da ƙafa, suka yi zaman Chadi, suka tsinci auduga a Sudan, kafin Allah ya kawo su Makka suka ce nan ne ƙarshen tafiya. Amma haihuwa a Makka ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Da igama muke zaune, wato takardar izinin zama, ni a ƙarƙashin kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya min, ku kuma a ƙarƙashina. Ƙuruciyata duk a Harami na ƙare ta, ina tura tsofaffi da marasa lafiya a keke suna ɗawafi, tun ina ƙirga zagaye da yatsa har ƙafata ta riƙa ƙirgawa da kanta. Da aka rushe layinmu na Jarwal don a yi wa alhazai masauki, sai muka komo Rusaifa na buɗe shagon sallaya da carbi. Najatu ita ce ta uku a ɗakin uwarku Kaltume, kuma tun tana ƙarama ba ta bar min kwali ko ɗaya lafiya a shago ba, duk ta zane su da gidaje da tagogi. Ta yi karatun zanen gine-gine a Jidda, wata malamarta ta samo mata gurbi a wata makaranta a birnin Fuloransa na ƙasar Italiya, inda ake koyon gyaran tsofaffin gine-gine. Shekara biyu aka ce. Na yarda, uwarku ta yarda bayan an tabbatar mata a gidan wasu Musulmi 'yan Maroko za ta zauna. Yayana Usmanu, Baffanku, shi ne ba a nemi shawararsa ba sai da aka gama shiri, kuma bai manta ba.

Shekara biyun na gab da cika sai ta kira mu wata rana bayan la'asar, muna shan shayi. Kun san Hausar Najatu, rabi Hausa rabi Larabci, in ta rikice kuma Larabcin ya cinye.

“Abuya, akwai mushkila,” in ji ta. “Malamata ta nan tana so in zauna in yi aiki tare da ita. Amma takardar zamana ta nan ana cikin tajdidi, sabunta ta ake yi, ya'ani in na fito yanzu ba zan iya komowa ba. In kuma na zauna, izinin dawowata Makka zai mutu, igamata ta bi shi.”

“To wanne kike so?” na ce.

“Abin da ka ce, Abuya. Wallahi abin da ka ce.”

Ka ji yara. Sai su ɗauko dutsen da ya fi ƙarfinsu su ɗora maka a ka, su ce ladabi ne. Maganar dai a fili take: takardu biyu, dole ɗaya ta mutu. In ta Italiya ta mutu, aikin da ta ba wa zuciyarta ya tafi. In ta Makka ta mutu, yarinyar da aka yanke wa cibiya a Jarwal ba za ta sake kwana a gidan ubanta ba sai da bizar baƙi, da ranar shiga da ranar fita.

Kafin in gama juya abin a raina, sai ga hoto ya shiga wayoyin dangi. Wata ƙawarta ce ta ɗauke ta tana kan katakon magina, da farar riga a kan abayarta, da ɗan buroshi a hannu, kusa da fuskar wani mutum da aka zana a bango. Washegari Yaya Usmanu ya iso gidana ko karyawa bai yi ba. Bai zauna a kujera ba, a ƙasa ya zauna, wanda a wurinsa alama ce ta cewa maganar mai tsawo ce.

“Haruna,” ya ce, “ubanmu ya tako daga Kano da ƙafa don zuriyarsa ta zauna kusa da Ɗakin Allah. Yau jikarsa tana can tana yi wa gumakan Nasara wanka. Ka je ka ɗauko ta. Halas, magana ta ƙare.”

“Yaya, bango take gyarawa.”

“Bango mai ido da hanci?”

Uwarku tana bakin ƙofar kicin da mazubin shayi a hannu. Ita ba gumaka ne suka dame ta ba.

“Malam, ni ban san bango ba, ban san hoto ba,” ta ce. “'Yata nake so a inda in na yi tari za ta ji. Ka kawo min ita.”

Haka aka yanke, kuma ni ma a lokacin ra'ayina ke nan. Makarantar ta aiko da gayyata, aka sha wahalar biza, na hau jirgi da niyya ɗaya, in kamo hannun 'yata mu dawo. Ban taɓa wuce Madina da Jidda da Ɗa'if ba a rayuwata. Na tafi da dabino, da ruwan Zamzam, da barkonon da uwarku ta daka, da jawabin da na tsara zan yi mata, wanda na yi ta maimaitawa a jirgi har na kusa da ni ya ɗauka wuridi nake.

Ta tarye ni a tashar jirgin ƙasa. Ta rame kaɗan, hannuwanta sun yi kaushi kamar na lebura, amma idonta tar. Da muka shiga ɗakinta abin da na fara gani shi ne akwatinta a bayan ƙofa, a ɗaure, ta riga ta haɗa kayanta. Sai jawabin nawa ya rasa wurin shiga. Me za ka faɗa wa wanda ya riga ya yi abin da ka zo tilasta masa? Abu ɗaya ta roƙa, ta ce tunda na zo, in bari ta zagaya da ni garin kafin mu tafi, in ga inda ta zauna. Na ce wannan ba komai.

Lungunan garin ƙanana ne, shimfiɗe da dutse, gidaje sun matso juna har rana ba ta cika sauka ƙasa ba. Na tsaya ina shaƙar wani sanyi mai ƙanshin tsohon gini, na rasa inda na san shi, can sai na tuna lungunan Jarwal ne kafin a taɓa su. Ga jama'a kuma ayari-ayari, kowane ayari yana bin wani mai riƙe da 'yar tuta a sama, suna tafe baki buɗe, wuya a ɗage. Na ce wa Najatu ashe su ma suna da alhazansu da muɗawwifansu masu yi musu jagora. Ban rufe baki ba na ji ƙararrawar keke a bayana, wani saurayi yana ta faɗa da yarensu. Na tsaya a tsakiyar hanya ina kallon sama, na tare wa mutane wuri. Shekara nawa na yi ina daka wa bayin Allah tsawa a Harami, “Ɗarig ya hajji, ɗarig!”, wato a ba da hanya, ina jin haushin yadda baƙo zai dasa ƙafa a hanya ya saki baki. Ran nan na gane ba wauta ba ce, ido ne yake cika ya hana ƙafa tafiya.

Abin da ya tsayar da ni kuwa ƙubba ce. Muna fitowa daga wani lungu sai ga ta ta rufe sama, ja, ta jan bulo, a kan wata majami'a da aka lulluɓe da marmara fari da kore da ruwan hoda. Najatu ta ce shekarunta sun haura ɗari biyar, kuma lokacin da aka gina ta babu katakon da zai isa a tokare ta daga ƙasa, sai maginin ya sa aka riƙa jera bulo a karkace, wannan ya riƙe wancan kamar saƙar tabarma, ginin yana ɗauke da kansa yana hawa. Tana bayani tana nuna min da yatsunta yadda bulo ke cizon bulo, Hausar ta ƙare mata ta koma Larabci, Larabcin ya ƙare ta koma Italiyanci ba ta sani ba. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba a gidanmu.

A gaban majami'ar akwai wani ƙaramin gini mai kusurwa takwas, da ƙofofi masu ƙyallin zinariya. Ta ce in jira ta a nan ta karɓo mana tikiti. Na ce bari in ɗan duba ƙofofin. Na fara tafiya, ginin yana hagu da ni, mutane a gabana, mutane a bayana, ƙasa shimfiɗe da dutse mai santsi. Na zo inda na fara, ban tsaya ba. Na sake zuwa, ban tsaya ba. Ni dai na san na ji jikina ya saki, kafaɗata ta hagu ta ɗan karkata, ƙafata ta samu takunta na da, ina kauce wa mutane ba tare da na dube su ba, leɓɓana kuma sun fara motsi. Ina isa wata kusurwa hannuna na dama ya fara ɗagawa, sai na ji an fizgo rigata.

“Abuya! Esh haza? Me kake yi?”

Na dube ta, na dubi ginin, na dubi hannuna a sama. Innalillahi. Na yi istigfari ya fi a ƙirga, gumi ya karyo min duk sanyin garin. Na samu wani dakali na zauna. Ita kuma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, tana ƙoƙarin kada ta yi wa ubanta dariya a bainar jama'a. Da na ga ta kusa shiɗewa sai na ce ta sake ta kawai, muka yi ta yi har hawaye, Turawa suna kallonmu. Da na dawo na tambayi malamin masallacinmu, ya ce tunda babu niyya babu komai, amma shi ma sai da ya juya baya ya gyara rawani. Na faɗi wannan ne don Baffanku ya taɓa cewa garin ya juya min kai. Ƙafa ce ta yi aikin da ta saba.

Kada ku ɗauka duk abin da na gani ya yi min daɗi. A wani dandali akwai wani ƙaton mutum-mutumi na farin dutse, tsirara haihuwar uwarsa, suka ce wai siffar wani annabi ce. Na sunkuyar da kai na wuce, raina a ɓace, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Najatu dai ta sauya mana hanya. A gidan ajiye zane-zane kuma, wani dogon gini a bakin kogi, na yi ta wuce hotunan mutane ina kallon gefe, sai idona na ɗan kasuwa ya faɗa kan abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu. Darduma ce, da bakin mihrabi, da zanen gefe irin wanda nake sayarwa a Rusaifa. A bakin rigunan wasu kuma an yi rubutun zinariya kamar Larabci. Na sa tabarau na matsa har wata na'ura ta yi ƙara, na karanta daga dama, ban samu kalma ko ɗaya ba, irin rubutun da jikokina ke yi ne kafin a sa su makaranta. Najatu ta ce masu zanen sun ga yadudduka da dardumai da fatake ke kawowa daga ƙasashen Musulmi, abin ya burge su, suka kwaikwaya ba su san karatun ba. Na ce ashe kasuwa ta riga ni zuwa nan da daɗewa.

Abin da ya taɓa ni ba a gidan kallo yake ba. A wani lungu ne, muna neman inda za mu ci abinci, na ga ɗan allon dutse manne a bango, sama da kaina sosai, da layi a jikinsa. Na tambaya. Ta ce shekarun baya kogin garin ya yi ambaliya, ruwa da laka suka shiga gidaje da majami'u da ɗakunan littattafai, nan ne inda ruwan ya kai. Ta ce malamarta tana budurwa lokacin, da hannunta ta kwashi laka, kuma har yanzu akwai bangayen da ba a gama jinyarsu ba. Sai na tuna da namu layin. Ina yaro an yi wani ruwa a Makka, sail, wato ambaliya, ya gangaro daga duwatsu ya cika Harami har mutane suna iyo, ya shigo gidanmu na Jarwal ya tafi da tukwanen Inna mahaifiyarmu. Da ya janye, Inna ta ɗauki ƙusa ta ja layi a bangon soro daidai inda ya tsaya. Da wannan layin ake auna tsawonmu, duk wanda kansa ya wuce shi an ce ya isa aike kasuwa. Na ba Najatu labarin, abin da ban taɓa yi ba, don ban ma san ina riƙe da shi ba.

“Ina bangon yake yanzu, Abuya?”

“Wurin ajiye motocin otal ne,” na ce. “Ko ƙofar ba zan iya nuna miki inda take ba.”

Ba na ƙorafi, ku fahimce ni. Baƙin Allah suna ƙaruwa, dole a yi musu wuri, kuma da kuɗinsu na ciyar da ku. Amma na ji kishi ran nan, kishi sosai, na mutanen da za su iya kama hannun jika su ce ga inda ruwa ya kai.

Kashegari ta kai ni wurin aikinsu, wani tsohon gini mai tsakar gida da rijiya a tsakiya. Malamar tata 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, murya kamar ta namiji, farin gashi a yanke. Ta gaishe ni da hannu a ƙirji, da alama an koya mata. Najatu ta sa farar rigarta ta hau katako, ta ce in biyo ta. Na hau ina salati. Sai ta ce in manna kunnena a bango. Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa nan, ƙarar ta fito a cike. Ta matsa kaɗan ta sake ƙwanƙwasawa, sai na ji ta fito a hofi, kamar kankanar da ta lalace a ciki. Ta ce a nan yaɓen ya rabu da bango, ido ba ya gani, wata rana sai dai a tarar da shi a ƙasa. Ta ɗauko sirinji irin na asibiti, ta cika da ruwan farar ƙasa, ta zura a wata 'yar ƙofa kamar ta allura, tana turawa a hankali, tafin hannunta ɗaya a kan bangon kamar mai jin zazzaɓin yaro. Can gefe, bayan buhunan farar ƙasa, na hango sallayarta a ninke, ɗaya daga cikin na shagona.

Mutumin hoton nan da ya tayar da hankalin Baffanku yana nan kusa da kaina, rabin fuskarsa ya goge. Na nuna shi.

“Wannan fa? Ke za ki mayar masa da ido?”

“La, Abuya. Abin da ya tafi ya tafi, ba ma ƙirƙiro shi. Inda launi ya zube a riga ko a sama, muna cikewa da siraran layuka, daga nesa ya haɗu, in ka matso ka ga gyara ne. Ba ma yi wa bango ƙarya. Ni aikina kada ya faɗo.”

Ni ba malami ba ne, kuma ban ce wannan amsar ta rufe maganar hoto ba. Na yi ta tambaya daga baya, na ji masu tsanantawa, na ji masu sassautawa. Abin da na gani da idona kawai zan shaida. Tsohuwar ta yi magana daga ƙasa, Najatu ta ƙi fassarawa sai da na matsa mata. Wai ta ce ta koyar da mutane da yawa, hannu ana koya masa aiki, amma kunne sai wanda aka ba, kuma 'yarka an ba ta. Ba ta roƙe ni komai ba, ta juya ta ci gaba da dama farar ƙasarta.

Ana gobe za mu tafi, da yamma, muka hau wani tudu a hayin kogi inda ake ganin garin gaba ɗaya, jajayen rufi, da gadoji, da ƙubbar nan a tsakiya. Na zauna ina haki. Tunanin da na yi ta gudu tun daga Jidda ya zo ya zauna kusa da ni. In na mai da ita, me zan mai da ita ta yi? Igamar da ake so ta dawo ta riƙe ba ta ba ta izinin aiki ba, kuma a wuyana take rataye, ranar da na faɗi ta faɗi. Zan kai ta ɗaki ne ta zauna da kunnen nan nata tana sauraron ƙarar firji, tana jiran abin da zai faru da ita bayan raina. Na tuna uwarku a bakin ƙofar kicin, na kuma san abin da zan yi mata.

“Najatu, in mun koma gida ki kwance akwatin nan.”

Ta dube ni ba ta gane ba.

“Ki zauna. Ni na ce ki zauna, ba ke kika roƙa ba. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce ubanki ne ya ce.”

“Abuya, ka fahimta? Ya'ani ba zan zama 'yar Makka ba kuma.”

“A takarda ba ki taɓa zama ba, ni ma haka. Ki riƙe sallarki, ki riƙa kiran uwarki kullum, ko ta ƙi ɗauka ki sake kira.”

Ta durƙusa a wurin ta kifa kai a gwiwata tana kuka, ni ma ban tsira ba. Wannan ita ce maganar da aka yi, babu na uku a wurin sai Allah.

Na biya kuɗin wannan magana, kuma ba ni kaɗai ba. A filin jirgin Jidda uwarku ba ni ta duba ba, bayana ta yi ta leƙawa, har mutanen jirgin suka ƙare. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Wata da watanni “to” da “a'a” ne kawai tsakaninmu, shayina kuma ya daina ganin na'ana'a. Yaya Usmanu ya daina cin abinci a gidana, a masallaci in na tsaya a sahun dama sai ya koma hagu. Ranar da saƙo ya shigo wayata cewa izinin ya ƙare, uwarku ta shiga ɗakin Najatu ta naɗe katifa ta jingine ta a bango, ta ja ƙofa. Bikin ƙanwarta Amal kuwa, Najatu a waya ta gan shi, an jingina wayar a jikin fulas, tana ta cewa a juya ta ta ga amarya. An haifi 'ya'yan Mansur ba ta nan. Akwai ranakun da na zauna a shago na ce anya, Haruna, ba ka yi ganganci ba? Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na ce.

Sai da aka shekara huɗu kafin takardunta na can su daidaita ta samu bizar umara. A jirgi ta ɗauki niyya da aka zo miƙati, ta shigo garin da aka haife ta tana Labbaika kamar kowace baƙuwa. Ba zan iya ba ku labarin haɗuwarta da uwarku ba, don fita na yi na bar musu gidan. Kwana biyu da zuwanta ta ce sai ta je gaida Baffanta. Na ce ta shirya wa abin da za ta tarar. Muka same shi a soro, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a ciki, ido a kan carbi. Ganin haka har na fara neman takalmina. Can sai ya yi gyaran murya.

“Ke, an ce kin san bango. Tashi ki duba min wancan, tun bara yake tsagewa. Masu gyara sun zo sau biyu, cin kuɗi kawai.”

Ta tashi ta manna kunne ta ƙwanƙwasa, ta ce ruwa ne ke yoyo daga bututun maƙwabta, in ba a gyara can ba ko sau goma aka shafe sai ya dawo. Ya ce shi ma abin da ya ce ke nan ba a ji ba. Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo wa yarinya abinci, ta sha hanya. Iyakar sulhun ke nan, kuma a wurin Yaya Usmanu wannan da yawa ne.

Kwanakinta suka cika. Ranar tafiya, bayan azahar, ta ce mu raka ta Harami ta yi ɗawafin bankwana. Sai muka dubi juna ni da uwarku. Mu mutanen gari ba ma yin sa, wanda zai tafi ne ke sallama da Ɗaki, mu kuwa kullum muna nan. Kaf gidanmu, tun daga kan ubana, babu wanda ya taɓa yi. Muka shiga tare, uwarku riƙe da hannunta. Da ta gama ta yi raka'a biyu, ta sha Zamzam, sai ta tsaya tana kallon Ka'aba ta kasa juyawa.

“Abuya, me ake cewa? Ban san yadda ake fita ba.”

Na ji dubban alhazai suna faɗar kalmomin a kan kekena suna kuka, ina jira su gama in ɗauki wani. Ran nan ni na faɗa, tana maimaitawa: Allah kada ka sa wannan ya zama ƙarshen zuwana Ɗakinka. Muka fito fili, rana tana dukan farin dutse, kowa yana share ido. Uwarku ta gyara mayafi, ta dube ni ido cikin ido, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

“Malam,” ta ce, “shekara nawa muna yi wa baƙin Allah na mutane hidima. Yanzu ga tamu ta kanmu. Kada kowa ya naɗe katifar nan, baɗi tana tafe.”

Ta kuwa zo, da azumi, ta kawo wa uwarku man zaitun da wani takalmin fata da ya yi mata kaɗan, wanda har yau ta hana kowa sawa.